Siririyar Wayar da Na Yanke a Keken Malam Isa

Ku samarin yanzu da kun ga an kwance kusoshi huɗu an ɗaure sai ku ce gyaran keke wasan yara ne. Shekaranjiyan nan wani ya tsaya a rumfata da keken lantarki, ya tura mini waya a fuska, wai in kalli yadda wani mutum ya canza kan keke da birki kafin shayi ya huce. Ya ce da yana da sifana da a gida zai yi abinsa. Na miƙa masa sifanar na ce bismilla. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ajiye, ya ce in dai taimaka masa. To ku gyara zama. Na haura shekara arba'in a wannan sana'a a Kaduna, kuma aikin da ya fi kowanne ci mini rai shi ne canjin kai da birki, irin wanda kuke rainawa ɗin nan.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Baba Tanko, nan Doka, miƙar da wili ne da ya karkace. Kawuna ya kawo ni daga Katsina ya damƙa ni a hannunsa, ko ruwa ban gama sha ba Baba ya kifa wani baƙin keke ya ba ni alli. Za ka juya wilin, ka riƙe allin daf da bakin ƙarfen. Inda alli ya shafa, nan ne karkatar take. Sai ka ɗaure sifok ɗaya, wato siririn ƙarfen wili, ka sassauta na kusa da shi, kaɗan-kaɗan, domin in ka yi gaggawa ka gyara nan ka ɓata can. Kwana uku na yi a kan wili ɗaya. Da na gama Baba Tanko ya juya shi, ya kalla, ya wuce bai ce komai ba. Daga baya na gane shirun nan shi ne yabonsa.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu yana iya korar mutum. Ba ka ba mai keke kekensa sai ka hau da kanka ka taka birki. Kuma ba ka kushe aikin ɗan'uwanka a gaban mai kaya, balle ka janye masa mutum. In ka ga kuskure, ka je ka same shi shi kaɗai ka faɗa masa.

Shekara biyu da zuwana aka kawo Sale, wani siririn Bakano mai bakin tsiya, ba ya rufe baki ko yana cin abinci. Ni na koya masa riƙon filaya. Ni na nuna masa yadda ake goge tib da ƙarfe kafin a shafa sholisho, a bar shi ya sha iska sannan a manna faci. Wilin da ya ci mini kwana uku, shi kafin la'asar ya gama. Baba Tanko ya juya, ya kalla, ya buɗe baki ya ce, "Allah ya yi wa wannan hannu." Ina tsugune ina wanke boris, 'yan ƙwayoyin ƙarfen wili, a cikin kalanzir na ji shi. Shekara biyu ina jiran kalma ɗaya daga bakin tsohon nan, ga ta an ba baƙon jiya. Tun ranar nake ƙyashin Sale, ba zan ɓoye muku ba.

Da Baba ya rasu kowa ya kafa tasa rumfar. Kamar da gangan, wurin da Sale ya samu yana tsallaken titi, daidai inda in na ɗaga kai sai na gan shi. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, yana ce mini Yaya Lawal. Amma duk keken da ya tsaya a gabansa sai na ƙirga shi a zuciyata, in ji kamar daga bakina aka cire lomar.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda babura masu araha suka cika gari. Masinja, mai gadi, mai kai burodi, kowa ya jingine kekensa a zaure ya hau babur. Sai in wuni ban taɓa sifana ba, famfo ya yi ƙura. Masu gyara da yawa suka koma faci, wasu suka koma gida noma. A shekarar mutum ɗaya ne bai daina zuwa wurina ba, Malam Isa Akawu. Ma'aikacin gwamnati ne, gidansa a Unguwar Rimi, ofishinsu a Doka, kullum a kan baƙin kekensa mai birkin ƙarfe, ya maƙale ƙafar wando da maƙali kada sarƙa ta ɓata masa. Abokan aikinsa sun sayi motoci suna yi masa dariya, shi kuwa ya ce ƙafar da Allah ya ba shi ba ta shan fetur. A wannan muguwar shekarar sai ya riƙa kawo keken ko ba abin da ya same shi, ya ce, "Injiniya, ji nake kamar yana ƙara, duba mini." Ni da shi mun san ba ƙarar komai. Sai in zuba giris in ɗaure goro, ya zauna a benci muna hira. Shekara talatin hannu bai taɓa keken nan ba sai nawa. Ko Sale ya tara kekunan duniya, ina da Malam Isa, kuma ya sani.

Da fetur ya yi tsada keke ya dawo, amma ya dawo da batir. Ni na ce wannan ba keke ba ne, rediyo ce mai taya. Sale kuwa ya sayi wani mataccen keken lantarki ya farfashe shi, ya samo na'urar gwada wuta, ya riƙa zama wurin masu gyaran fanka da injin wuta yana tambaya kamar ɗan koyo, da furfurarsa. Kafin ka ce kwabo rumfarsa ta zama shago mai ƙofar ƙarfe, da faifan sola a kan rufi. 'Ya'yan manya daga Unguwar Rimi, sojoji daga Mando, duk can. Ni kuma ina nan da tayoyin 'yan makaranta da baro. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, rabin ginin shagon Sale ni na yi masa.

Wata Litinin da hantsi ina cire ƙusa daga taya, na ɗaga kai, sai ga Malam Isa a ƙofar shagon Sale, riƙe da sabon keken lantarki mai ruwan toka. Sale ya durƙusa yana duba batir, Malam yana dariya, irin dariyar da yake yi a bencina. Wallahi sai da na soke yatsana da ƙusar ban ji ba.

Da ya gama ya turo keken ya tsallako. Ya yi ritaya a lokacin, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ɗansa da ke aiki a Mando ne ya saya masa, don ya huta da taka feda.

"Injiniya, ka ga abin da yara suka ɗora ni a kai," in ji shi. "Yana da daɗi, amma kan ya yi ƙasa, sai na sunkuya kamar mai neman allura. Bayana ya ƙage. Birkin kuma sai na matse da ƙarfi, yatsun sun tsufa. Sale ya ce in kawo masa ranar Asabar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin wa ke riƙe da bayan nan naka?"

"Kai ne mana."

"To mi ya kai ka tsallaken titi? Kai da birki ai ba lantarki ba ne. Tun Sale bai san hannun damansa ba nike wannan aiki."

Ya waiwaya wajen shagon, sannan ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Ga shi nan." Ya bar mini keken ya hau adaidaita.

Yanzu ku saurara, nan ne aikin yake. Kan keke ba a zaɓar sa don kyau. Kafin Malam ya tafi na zaunar da shi a sirdi, na riƙe keken, na ce ya miƙe bayansa ya rufe ido ya miƙo hannu kamar za a ba shi kwanon tuwo. Inda hannun ya tsaya, nan ya kamata mariƙi ya same shi. Na auna da igiya na ƙulla. Washegari na shiga babbar kasuwa na zaga har na samo kai mai tudu wanda ya lanƙwaso baya. In ka ɗaga kan keke, duk abin da ke jikinsa sai ya yi gajere, don haka na sayo dogayen kebur na birki. Faifan birkin gaba ƙarami ne, na samo wanda ya fi shi faɗi da ƙarfen da zai ɗaga mazauninsa, domin keken lantarki ya ninka baƙin keke nauyi, ga gudu. Hannuwan birkin da suka zo da shi gajeru ne, na sayo dogaye na ƙarfe masu laushi waɗanda yatsa biyu za su ja. Na daidaita faifan da alli kamar yadda Baba Tanko ya koya mini, har ya daina shafar komai. Ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba, domin so nake Sale ya gani ya ji abin da nake ji.

Wayar totur, wato mariƙin dama da ake murɗawa keken ya tafi, na san amfaninta, na ƙara mata tsawo na naɗe da kyau. Ta fitila ma haka. Saura wasu siraran wayoyi biyu, kowace ta fito daga cikin tsohon hannun birki. Sababbin da na sayo ba su da wurin shigarsu. Na duba na ce waɗannan na jar fitilar baya ne, Malam kuwa daga magariba yana gida. A baƙin keke duk siririyar waya ta fitila ce, haka na sani tun ina da gashin kai. Na sa filaya na datse su, na naɗe bakin da salatif na cusa cikin jikin keken.

Ina cusawa sai ga inuwa a kaina. Sale ne, hannu a aljihu.

"Sannu da aiki, Yaya Lawal. Kai, wannan kan ya zauna." Ya sunkuya ya ɗauki tsohon hannun birkin daga ƙasa. "Amma Yaya, waɗannan ba a cire su haka kawai. Akwai ɗan maɓalli a ciki, shi ke..."

"Sale," na ce, "wa ya koya maka riƙon filaya?"

"Kai ne, Yaya. Ba gardama na zo yi ba, wallahi. Minti ɗaya ka ba ni."

"Aikin ya kuɓuce maka shi ya sa ka tsallako. Duk kekunan garin nan ba su ishe ka ba sai ka haɗa da wannan guda? Aje mani kayana."

Ya ajiye. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, na juya masa baya na kama bugun ƙarfen da ba ya bukatar bugu, har ya tafi.

Dokar Baba ban karya ta ba, na hau na gwada. Na zaga layin sau uku, na saki totur na ja birki, keken ya tsaya cak. Sai dai ni na taɓa yin acaɓa a muguwar shekarar nan, hannuna ya saba sakin totur kafin ya nemi birki. Ban ma san ina yi ba.

Ranar Alhamis Malam ya zo ya hau. Bayansa a miƙe kamar liman a kan mumbari. Ya je ya dawo yana murmushi, ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, ka mayar mini da shekara ashirin!" Na so a ce da lasifika ya faɗa. Na saci kallon tsallaken titi, Sale yana tsaye a ƙofarsa, ya ji. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Bayan sallar Juma'a Sale ya tare ni a hanyar dawowa daga masallaci, ya ja ni gefe inda ba kowa.

"Yaya, don girman Allah ka saurare ni. Ka kira Malam ya dawo da keken. In zo rumfarka in mayar da wayar, ko in nuna maka ka yi da hannunka. Ba wanda zai sani. In ya ja birki injin ba zai mutu ba, ka gane? Tsoho ne."

"Na hau na gwada, ya tsaya."

"Kai ne ka hau. Ba shi ba."

Abin da kunnena ya ji shi ne: in kira Malam in ce masa aikin da ya yaba jiya da saura, kuma Sale ne ya gano. Na ce, "In ka isa ka je ka faɗa mashi da kanka."

Na san ba zai je ba. Rumfa ɗaya ta yaye mu, ba zai kushe aikina a gaban mai kaya ba. Da dokar Baba Tanko na ɗaure masa baki, ina sane.

Ranar Lahadi da safe Malam Isa ya fito zai je gaisuwar wani abokinsa a cikin Unguwar Rimi. Wani gida aka buɗe ƙofa, mota ta fito da baya. Mutumin da ya shekara arba'in a kan baƙin keke in ya tsorata abu ɗaya yake yi, ya damƙe hannu biyu da duk ƙarfinsa. Ya damƙe birki, ya damƙe totur tare. Sabon faifan da na sa ya kama tayar gaba gam, injin kuma yana tura ta baya. Keken ya juya da shi ya maka shi a bakin kwalbati. Ƙashin ƙugunsa ya karye.

Mai shayin layinmu ne ya gaya mini ranar Litinin. Na jawo gwangwanin da nake zuba tsofaffin ƙarafa na tono hannun birkin nan. Na matsa shi a kusa da kunnena, na ji wani ɗan ƙas. Na saki, ƙas. Na leƙa, ga ɗan maɓalli kamar ƙwayar gero. Na tashi na tsallaka titin da ƙafata, na shiga shagon da ban taɓa shiga ba tun da aka gina shi. Sale bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya ɗaga tayar wani keke, ya murɗa totur tana gudu, ya ɗan taɓa birki da yatsa ɗaya, injin ya ɗauke nan take, alhali totur ɗin yana murɗe. Aikin wayar ke nan gaba ɗaya. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Da na sani da na je na sami Malam, Yaya. Ka yi fushi da ni shekara goma, ba komai ba ne."

Sai da aka sallamo Malam daga asibiti na iya zuwa. Na same shi kwance a ɗaki, ya rame, an jingina sandar ƙarfe a bango. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Injiniya, kada ka damu. Birkinka ya kama, har ya yi yawa. Ni ne na tsufa, hannuna ya rikice."

Ga hanya ya buɗe mini, in ce Allah ya kiyaye gaba in tashi. Na kasa. Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, wayar da abin da take yi da yadda na datse ta.

Ya ce, "Kuskure ai na ɗan Adam ne. Ba ka sani ba."

"An faɗa mani, ranka ya daɗe."

"Wa?"

"Sale."

"Kafin ka ba ni keken?"

"Kafin nan. Da kuma bayan na ba ka."

Ya kalle ni, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Na yafe maka, Lawal." Shekara talatin bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ya juya fuskarsa wajen bango, na gane an sallame ni.

Ɗansa ya rako ni bakin ƙofa. Bai ji abin da muka yi magana ba, har godiya yake yi mini da na zo. Keken yana jingine a tsakar gida, kan da na zaɓa ya lanƙwashe gefe guda. Ya ga ina kallonsa, ya ce, "Sayar da shi za mu yi. Likita ya ce Baba ya gama hawan keke, ko wanne iri ne. In ya taka zuwa masallaci da sanda ma mun gode Allah."

Yanzu duk keken lantarkin da ya zo hannuna, in na ga wayar da ban san inda ta nufa ba, tsallaka titi nake in tambaya, kuma ku ma haka za ku yi in kuna da hankali. Amma ba wayar ce ta sa na tsayar da ku ba. Mutumin nan ya ciyar da ni a shekarar da ba kowa, ya ƙirƙiri ƙarar da babu don kada in wuni hannu sake. An ce mini ba zai ƙara hawa keke ba har abada, kuma ni na jawo. Kun san abin da ya fara faɗo mini a rai a bakin ƙofar nan, kafin in ce Allah ya ba shi lafiya? Cewa na yi: to, Sale ma ba zai same shi ba.

Na yi istigfari a wurin, har yau ina yi. Amma tunanin nan ne ya fara zuwa.